Motar Bayan Majigi

Duk wanda rimot ɗin talabijinsa ya taɓa ƙin aiki a Azare ya san Malam Uzairu Mai Rediyo. Rumfarsa na bakin kasuwa, kusa da mai facin keke napep. Shekara talatin da wani abu ke nan yana zaune kan benci ɗaya, tabarau ɗaure da zare, yana shaƙar hayaƙin dalma. Da rediyo ya fara. Da aka daina yayinta ya koma kan bidiyo, ita ma ta wuce, ya kama rimot da fitilar caji. Mutum ne mai hannu, wannan ba musu. Amma ku ji abin haushi: bawan Allahn nan ko acaɓa bai iya tuƙawa ba. Kekensa ma in ya hango kwana, sauka yake ya tura.

Abin ya samo asali tun suna yara, shi da wansa Sha'aban. Wata shekara bayan kaka wani mutum ya zo garin da injin majigi, ya kewaye fili da zana, ya kafa farin ƙyalle, yana karɓar kuɗin shiga. Su ko sisi ba su da shi, sai suka haye katangar da ke bayan ƙyallen suka zauna. Daga nan suka ga motar da ta hana su sakat: wata jif mai buɗaɗɗen kai, fitilu huɗu a goshi, tayar safaya ɗaure a gefe, ta zabura ta tsallake karyayyar gada. Labarin fim ɗin ba wanda ya riƙe a cikinsu. Motar kawai suka sauko da ita a ka.

Washegari Uzairu ya ƙera ta da karan dawa, tayoyin tsohon silifa, fitilun marfin kwalba, da dogon kara a matsayin sitiyari. Dokar yaran unguwa a lokacin ita ce wanda ya ƙera ba ya tuƙi, wanda ke tuƙi kuma shi ke yin ƙarar inji da baki. Sha'aban kuwa gwani ne. Zai kumbura kumatu, “Burrrr!” har da sauya giya, ya nufo ƙanen nasa a guje yana cewa, “Matsa, yaro, direba zai wuce!” Uzairu sai ya matsa, yana jin daɗi har cikin ransa. Ta kara ta karye, ya yi ta gwangwani, ta gwangwani ta lotse, ya yi ta waya. Kai, an ji daɗin duniya a lungun nan.

Haka girma ya same su, kowa da rabonsa. Sha'aban ya zama direban babbar mota, yana ɗauko gero da wake daga Yana da Itas, muryarsa tana riga shi shiga gida. Uzairu ya zauna a rumfa.

Bara, ana gobe Sallah ƙarama, Sha'aban ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Hawan jini ne. Ɓarinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. A asibiti aka ce ana sa rai bakin zai buɗe, amma fa sai in shi da kansa yana ƙoƙartawa. Shi kuwa ya ƙi. Wata bakwai yana kan tabarma a gindin darbejiya, a gaishe shi ya dubi bango. Uzairu kan zo kullum bayan la'asar, ya zauna ya yi ta zuba shi kaɗai, ya tashi zuciyarsa a jagule. Ba ya neman komai sai ya sake jin muryar wansa ko da sau ɗaya.

Wata rana 'yan gwanjo suka kwance dila kusa da rumfarsa, sai ga leda cike da 'yan bulullukan roban nan na wasan yara, masu maƙalewa da juna. Ya juya ɗaya a hannu, ya juya, ya saye ledar gaba ɗaya. Mako uku yana bin masu gwanjo layi-layi yana tsince-tsince. Ya ciro ɗan inji daga matacciyar na'urar kaset, ya samo cikin wata motar wasa da ta fashe, ya mayar da rimot ɗinta mai sanda ɗaya, yadda hannun hagu kaɗai zai iya da shi. Masu kawo gyara suka yi ta sintiri. Wani ma ya kwashe fankarsa cikin fushi, Uzairu ko ɗaga kai bai yi ba.

Dijatu, matar Sha'aban, ita ta fara ganin 'yar jif ɗin da yake haɗawa da bulullukan, ranar da ta shigo kasuwa cefane. Dama ita da ƙanin mijin nata ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

“Ikon Allah! Malam Uzairu, da furfurarka? Ko dai aljanun rediyo ne suka taɓa ka?”

“Ke dai je ki sayi kuɓewarki. Motar Yaya ce.”

Da ya ba ta labarin, sai ta bar tsokanar. Bayan kwana biyu ta dawo da wayarta, ta sa an bi kwatancen da ya yi mata an nemo guntun fim ɗin. Ga jif, ga gada, ga komai. Uzairu ya kalla sau biyar, gumi ya karyo masa. A wayar, tayar safaya tana hagu, direba yana dama. A tasa kuwa taya tana dama, direba yana hagu.

“Ashe shekara arba'in shirme nake ƙerawa,” in ji shi.

Ya ɓalle bulullukan, ya gyara komai daidai da na waya. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya kai ta gidan, ya ajiye a gaban tabarma yana murmushi. Sha'aban ya dube ta, ya daɗe yana dubawa, sannan ya mayar da fuskarsa bango. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Uzairu ya shige. Ya naɗe motarsa a tsumma ya fito, ko sallama bai yi ba.

A hanya, yana tura kekensa, ya ga wani zane da aka shanya a kan igiya, rana tana dukansa ta ɗaya gefen, furanninsa duk sun fito a juye. Ya tsaya cak. Su fa ta bayan ƙyalle suka kalla! Masu kuɗin shiga su suka ga motar da ke cikin wayar Dijatu. Ta 'yan kan katanga daban ce, kuma ita Sha'aban ya tuƙa duk yarintarsa.

Washegari da hantsi ya dawo, taya a dama, direba a hagu. Wannan karon idon Sha'aban bai bar kanta ba. Uzairu ya kunna rimot. To, mutumin da ke sauka daga keke a kwana, me kuke zato? Motar ta yi ƙarar sauro, ta zabura ta daki gindin randa. Ya ja baya, ta faɗa kwanon kaji. Dijatu ta dafe ƙirji tana dariya.

“Wayyo randata! Wannan direba ko gyatumarsa ba za ta shiga motarsa ba!”

Ya sake gwadawa, ta nufi rariya kai tsaye. Sai ya ji an fizge rimot ɗin daga hannunsa.

Sha'aban ne. Ya ɗora shi a cinya, ya danne da babban yatsan hagu. Motar ta yi baya a hankali, ta karya kwana tsaf, ta kewaye turmi. Can sai kumatunsa suka kumbura, ɓari ɗaya fiye da ɗaya, wani sauti ya fito da ƙyar, a shaƙe, da yawu a gefen baki.

“Burrr… burrrr…”

Har da sauya giya. Dijatu ta saki muciyar da ke hannunta.

Motar ta miƙe ta taho, ta tsaya daidai yatsun ƙafar Uzairu. Sha'aban ya ɗago ya dube shi. Leɓɓansa suka yi ta kokawa, sannan kalmar ta fito, guda ɗaya tak.

“Matsa.”

Malam Uzairu, mai shekara hamsin da uku, ya cire tabarau, hawaye na bin gemunsa. Ya matsa, direba ya wuce.