Wankan Jego a Gidan Haya

Da matar ɗana ta haihu, ni aka ɗauko daga ƙauye aka kawo Agege in yi mata wankan jego. A garinmu duk wadda ta haihu hannuna take nema, ni kuwa da wannan nake taƙama.

Gidan haya ne, ɗakuna goma sha biyu suna kallon juna, siririn lungu a tsakani, banɗaki ɗaya tak a ƙurya. Ranar da na sauka ɗana ya ja ni gefe.

"Inna, nan fa layi ake bi. Ki riƙa bari sai mutane sun fita nema."

Na ce, "Kai ka taɓa haihuwa? Wankan safe da safe ake yin sa."

Ana idar da sallar asuba sai in hura itace a bakin lungu, in ɗora tukunya, in zuba ganyen darbejiya. Hayaƙi ya bi ɗaki-ɗaki. In shige banɗaki da maijego, ba ma fitowa sai rana ta ɗaga. A waje ga mahauta, ga masu tallar burodi, ga direban motar haya ta danfo, kowa riƙe da bokitinsa.

Rana ta shida wata Bayarabiya maƙwabciyarmu, mai jin Hausa sosai, ta buga ƙofa.

"Mama, dafa ta kike yi ne? In ta nuna a sam mana!"

Lungu ya kaure da dariya. Sai ta sassauta murya: "Don Allah, yarana za su makara."

Dariyar nan ce ta ƙona ni. Na fito da ganye a hannu, na ce matan da ba su san wanka ba su ke haihuwar 'ya'ya kamar ƙadangaru. A gaban 'ya'yanta na faɗa.

Ashe ƙanwar mai gidan ce. Ashe kuma ita ta kai surukata asibiti ranar naƙuda, ɗana yana kasuwa.

Mai gida ya ce mu tashi. Ɗana ya je ya durƙusa masa har sau biyu, a banza. Shekara uku yaron nan ya yi yana kwana a rumfar kasuwa kafin ya samu ɗakin.

Muka koma wani ɗakin katako gefen layin dogo, in an yi ruwa har ƙarƙashin gado yake shigowa. A cikin buhunan da aka kewaya mata a matsayin banɗaki surukata ta ƙarasa wankan arba'in. Ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba. Kullum in na gama sai ta ce, "Sannu da aiki, Inna." Ni kuma in amsa ina kallon tukunya.