Baturan Burkusuma da saniyar amana

Muna sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da direba da wani abokin aikina, cikin wata tsohuwar akori-kura da sai an tura take tashi. Ga mu masu sayar da batura, amma motarmu ba ta da na kirki. Shagon da nake wa aiki yana shigo da baturan sola daga waje, doka kuma ta ce wanda ya shigo da batir shi zai kwashe shi in ya mutu, ya kai inda ake narkar da shi ba tare da gubarsa ta shiga ƙasa ba. Kwasar matattun ce ta fito da mu.

Tun kafin mu taso wani malami ya bugo mini waya daga Burkusuma. Ya ce an sauya baturan rijiyar burtsatsensu, mutane sun fara fasa tsofaffin, ga dabbobi suna yawo a wurin, mu hanzarta. Na ce masa muna tafe.

Da muka wuce Goronyo na ga abin da fari ya yi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, shanu kuwa daga cikin mota kana iya ganin haƙarƙarinsu. A nan abokin aikina ya kawo shawara mu fara da Isa, don kasuwar Bafarawa da ke kusa da ita na ci washegari, kuma za mu sami batura a tare wuri ɗaya. Maganarsa da hankali, ni ma na tuna tsiren garin, sai na amince.

Kasuwar ta cika, amma ba armashi. Dusa ta yi tsadar da mai akuya sai ya yi tunani kafin ya taya, saniya kuwa ana neman kai da ita. A bayan rumfuna na tarar da 'yan gwangwan suna sare batura da gatari, su tsiyaye ruwan a ƙasa, su zare dalmar da hannu. Na yi musu wa'azi har maƙogwarona ya bushe, suka saurare ni da ladabi, ina juyawa na ji gatari ya ci gaba. Mun karɓi abin da muka samu, muka ci tsiren, muka koma Isa muka kwana, don ba a bin hanyoyin nan da yamma.

Da gari ya waye, daga Sabon Birni muka bi ta Kurawa, rairayi ya hana mota wucewa, muka hau babura zuwa Burkusuma. Malamin ya tarbe mu da fura mai ruwa-ruwa, ya ba da haƙuri cewa nono ya yi wuya bana. Sai da muka sha sannan ya ce, "Da kun zo shekaranjiya. Ku taho ku gani."

Ya kai mu wurin wani dattijo Bafillace wanda fari ya cinye masa garke kaf. Wani amininsa daga tsallaken iyaka ya ba shi saniya ɗaya a bisa al'adarsu ta habbanaye: ka riƙe ta har ta hayayyafa, 'yan maruƙan naka ne, uwar ka mayar wa mai ita. Da ita zai sake kafa garke. Komin itacen da yake shayar da ita ya tsage don bushewa, ruwan da ya sha wuyar samowa yana zurarewa. Shi ne ya ɗauko kwandon fasasshen batir, ya wanke shi, ya ɗaura masa igiya, ya keɓe mata shi ita kaɗai don ba ya yoyo. Dabbar da ta daɗe ba ta lashi kanwa ba, sai ta bi sauran dalmar da ke lungunan kwandon ta lashe.

Mun same ta ta makance, tana cizon haƙora, ta kafa goshi a jikin bishiya. Na tambayi dattijon yaushe ya fara ba ta ruwa a ciki.

"Ran kasuwar Bafarawa niɗ ɗauko shi," in ji shi.

Abokin aikina ya sunkuyar da kai, don ranar ce muke can muna cin tsire. Dattijon ya ɗauko wuƙa don kada ta mutu mushe, dole na riƙe hannunsa na ce naman ma ba zai ciwu ba, sai dai a binne. Ya dube ni ya ce, "Za ni wurin mai ita. Mi za ni ce mishi?"

Mun kwashe baturan duka, muka dawo gida lafiya, maigidan shago ya yaba mana cewa mun cika doka. Abin da na koyo shi ne, wanda ya ce maka ka hanzarta ya ga abin da ba ka gani ba, kuma duk wanda na sayar wa batir yanzu sai na faɗa masa baki da baki cewa mataccen yana kisa. Da muna sauke kaya na gane kwandon nan tun daga nesa. Ya fi sauran tsabta, igiyar tana nan a ɗaure.