Kafintan Bene na Biyu

Shekara ashirin da uku Baba Kafinta ya yi yana haya a bene na biyu, ƙofarsa na kallon tawa, kuma ko sau ɗaya bai taɓa kai wa mai gidan ƙorafi ba. Taga ta ɓalle, ya ɗauko guduma. Silin ya rufto, ya hau tsani. Hatta gyaran famfo, da ba sana'arsa ba, a banɗakinsa ya koya.

Dalilinsa ɗaya ne: mai gida in ka kira shi sai ya tuna da kai, in ya tuna da kai sai ya ƙara maka haya. Matarsa takan ce, "Malam, gidan nan fa ba gadonka ba ne." Sai ya yi dariya ya ci gaba da aune-aunensa.

Nas ɗin da ke samansa kuwa ko ƙusa ba ta taɓa bugawa ba. Bango ya tsage ta ɗauki hoto, ruwa ya ɗiga ta tayar da rigima, har aka gaji aka rage mata haya.

Da idon Baba ya yi rauni, aiki ya ja baya, hayar ta fara gagararsa, sai ya rubuta takarda yana roƙon ragi irin nata. A lokacin mai gidan ya riga ya rasu, ɗansa ne ya zo dubawa. Ya shafa kabad ɗin kicin, ya buɗe tagogi ya rufe, ko ɗaya ba ta yi ƙara ba.

"Baba, ragin me kuma? Ai duk ginin nan babu sashe mai kyan naka."

"Ni na gyara shi, ɗana."

"Akwai rasit? Ko hoton yadda yake a da?"

Baba ya buɗe masa tafin hannunsa kawai.

Bayan wata biyu takarda ta iso, ta ƙarin haya. Baba ya haɗa kayansa zai koma wajen 'yarsa. Ranar tashi mun gama loda mota muka neme shi muka rasa, ashe yana sama yana ɗaure mariƙin ƙofa da ya saki. Abin ya yi min ciwo.

Jiya na haɗu da sabon ɗan hayan a matakala. Ya ce min, "Gaskiya mai gidan nan ya iya kula da gini."