Limamin Da Aka Ɗora Wa Takalmi Mai Taya

Duk rayuwar Baba ban taɓa ganin ƙafarsa cikin takalmi sau-ciki ba, balle mai taya. Amma da za ka je ɗakin kati na wani asibiti a Gwarzo a zaro maka fayil ɗinsa, za ka tarar an rubuta cewa dattijon nan ya karye ne garin wasan tsere da takalmi mai taya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Baba malamin Arabiyya ne a firamaren gwamnati a Kabo, shi ne kuma limamin masallacin unguwarmu, wanda katanga kawai ta raba shi da gidanmu. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, albashi sai ya ga dama yake zuwa, amma komai makararsa ba ya isowa sai an gutsure kason inshorar lafiya. Baba bai taɓa karɓar ko maganin mura da inshorar nan ba.

A lokacin ne samari suka ɗauko yayin takalmi mai taya daga birni. Su kama bayan mota ta ja su a kan kwalta, 'yan Hisba da 'yan sanda na farautarsu, wanda aka kama sai kotu. Ranar wata kasuwar Gwarzo Baba ya zo duba ni, don a can nake aure. Saukarsa daga mota ke nan wani saurayi mai irin takalmin nan ya saki bayan a-kori-kura ya yi awon gaba da shi. Ƙugu ya karye. Jama'a suka damƙe saurayin za su lakaɗa masa duka, Baba yana kwance a ƙasa ya ɗaga hannu ya ce a sake shi, ya yafe masa duniya da lahira. Ya san shi sarai, shi ya koya masa alifun ba'un, ya kuma san uwarsa da ke riƙe da marayu.

Likita ya ce sai an kai shi birni an sa ƙarfe, in ba haka ba da wuya ya sake yin ruku'u da sujada. Aikin ya fi ƙarfinmu, amma muka kwantar da hankali, ai akwai inshora. Sai amsar kamfani ta dawo cewa ba sa biyan raunin da mutum ya jawo wa kansa wajen wasa mai haɗari.

Na ja hijabina na nufi ɗakin kati ina huci. Ma'aikacin yana ɓarar gyaɗa ya yi mini bayani. Kowane irin rauni yana da lambarsa a na'ura, kamfani kuma lambar kawai yake karantawa. Akwai lambar mai tafiya a ƙasa da mai takalmi ya buge, akwai ta mai takalmin da ya faɗi da kansa. Ta farko tana neman sunan wanda ya yi bugun da takardar 'yan sanda. Da aka tambayi Baba ya ce babu wanda zai ambata, gurbin ya zauna fanko, na'ura ta ƙi karɓa, shi kuwa ma'aikacin, bawan Allah, ya danna ta biyun don aiki ya tafi.

Na tambaye shi ko ya ɗaga ido ya dubi furfurar mutumin kafin ya danna.

“Hajiya, ba ni na kashe zomon ba, rataya aka ba ni,” in ji shi. Ya rage murya ya ce abin ma bai kai ya kawo ba. Ko dai mu kawo sunan yaron da takardar 'yan sanda, ko Malam ya sa hannu cewa santsi ne ya kwashe shi a banɗaki.

Na kai wa Baba duka biyun. Ta banɗaki ko saurara bai yi ba. Na dage kan ta farko, na ce suna kawai zai faɗa, ko an kama yaron ai ba kashe shi za a yi ba. Na yi kuka, na ce yana fansar ɗan wani da ƙafarsa. Ya bar ni na gama tukuna.

“A gaban jama'a na ce na yafe. So kike in lashe amaina saboda ƙarfe?”

Daga nan ya ce in miƙo masa ruwa. Na miƙa, amma wallahi har shi na ji haushi ranar.

Ban haƙura ba. Na shiga mota har ofishin kamfanin a Kano, ɗauke da hotonsa da rawani. Wata mata mai fara'a ta dubi hoton ta yi dariya, ta ce lallai an yi kuskure, amma lamba ba ta canjuwa sai da takardar 'yan sanda. Na ce mata a ƙasar da kullum ake wa'azin falalar yafiya a kan mumbari, ashe na'urarsu ba ta da gurbin wanda ya yafe. Ta ce in yi haƙuri. Kowa haƙuri yake ba ni, ƙashin Baba kuwa yana can yana kamawa a karkace.

Ƙarshe wurin mai ɗori muka kai shi a Madadi. Ya yi iya yinsa, ƙafa ta warke gajera, ƙugun ya sandare. A ƙarshen watan nan ma sai da aka cire kason inshora daga albashinsa.

Ranar da ya fara komawa masallaci ina gida, na zo jinya. A wurinmu mai salla a zaune ba ya jan masu tsayuwa, don haka aka ajiye masa kujerar roba a ƙarshen sahu, na'ibinsa ya shige gaba. Magariba ce. Ina tsakar gida kan tabarma, inda tun ina yarinya nake jin karatun Baba ta saman katanga, sai ga muryar wani. A raka'a ta biyu na'ibin ya sarƙe a tsakiyar aya, ya maimaita, ya sake tsayawa. Can daga gefen sahu na ji muryar Baba a hankali ta cika masa ayar, na'ibin ya karɓa ya wuce.