Ƙyauren Inna da Gwangwanin Banish

Shekarar da aka tashe mu daga gungu, tsibirinmu, saboda ruwan Kainji, ban daɗe da aure ba. Maigidana kafinta ne, a Yelwa ya yi koyo, kuma tun da ya dawo yake kallon duk katakon da ba ya sheƙi da idon tausayi. Mutum ne mai kirki, Allah ya sani, amma in ya ga sabon abu a kanti hankalinsa ba ya kwanciya sai ya shafa shi a jikin wani abu.

Mahaifiyarsa, wadda dukanmu muke ce wa Inna, ba ta yi gardamar tashi ba kamar sauran tsofaffi. Abu ɗaya ta ce: ƙyauren ɗakinta zai riga ta shiga jirgi. Marigayi mijinta ne ya sassaƙa shi da gizago, daga madacin da ya rage bayan ya gama wani jirgi. Kabarinsa yana bayan gari, inda aka ce ruwa zai shafe, jiragensa kuwa duk sun ruɓe ko an sayar. Ƙyauren nan kaɗai ya rage mata na aikin hannunsa. Baƙi ne wuluk, ga nauyin tsiya, kuma kowace Juma'a takan lakato man kaɗe ta mulke shi tun daga sama har ƙasa.

A sabon gari aka ba mu ɗakunan siminti. Maigida ya gyara bakin ƙofa ya kafa ƙyauren, sai dai ɗakin Inna gabas yake kallo, inda ruwan damina ke bugowa. Kafin damina ta yi nisa ƙasan ƙyauren ya fara kumbura. Abin ya dame shi ƙwarai. Ya je Yelwa ya dawo da gwangwani, ya zaunar da ni yana yi mini karatu: fenti yana ɓoye katako, foli na teburin cikin ɗaki ne, amma wannan banish, fari ne kamar ruwa, sau ɗaya za a shafa a manta da zancen. Na ce ya dai tambayi mai ɗakin. Ya ce tsofaffi ba a tambayarsu alheri, yi musu ake yi.

Ya jira har Inna ta tafi gaisuwar rasuwa garin Shanga. Ya share ƙura, ya tsoma burushi, ya bi ƙyauren a hankali yana ɗan lanƙwasa wuya irin na gwanaye. Gaskiya da farko ya yi kyau, har ina ganin inuwata a ciki. Washegari na taɓa, yatsana ya manne. Ya ce laimar damina ce, ya ƙara wani shafin. Aka kwana, aka sake kwana, ƙyaure ya ƙi bushewa. Ƙudaje suka maƙale, gashin kaza ya maƙale, akuya ta zo susa ta bar rabin gashinta. Ni kaina da na raɓa zan wuce, sai da na yi kokawa kafin na ƙwaci zanena. Dariya ta cika mini ciki, amma da na dubi fuskarsa sai na haɗiye.

Shi da kansa ya gano matsalar. Ya shafa banish ɗin a sabon katako, kafin la'asar ya bushe ƙarau. Ashe man kaɗen da ƙyauren ya sha shekara da shekaru ne ya hana shi kamawa. Banish ba ya zama a kan maiƙo. Maganin da ya koya guda ɗaya ne, a kankare katako har a kai ga sabon jiki, sannan a sake shafawa.

Ana cikin haka Inna ta dawo. Ta kai hannu za ta tura ƙofa kamar kullum, hannun ya manne. Ta ɓamɓare shi, ta dubi tafinta, ta dubi ƙyauren, ta wuce ta wanke hannu. Da ma ta yi faɗa da ya fi mana sauƙi. Maigida ya durƙusa ya yi bayani, ya ce da safe zai sa ƙarfe ya kankare, ƙyaure ya dawo sabo fil.

"Ba sabo nika so ba," in ji ta. "Kak ka sa mai ƙarhe."

Haka ya ajiye ƙarfe ya ɗauki tsumma da kananzir. Ya cire ƙyauren ya kwantar a inuwa, yana jiƙa wuri kaɗan, ya bari ya yi laushi, ya goge, ni kuma ina binsa da ruwan toka. Mun kwana biyu muna wannan aikin, tuwonmu ma warin kananzir yake yi. Banish ya fita, ya tafi da daskararren mai da baƙin hayaƙi. Daga ƙarƙashi jan madaci ya bayyana, da sawun gizago jere-jere, kowane sara da ɗan kwarminsa. Maigida ya bi su da yatsa, ya ce saran duk daga hagu ya karkato. Yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, har ya manta bahago ne. Ya daɗe a tsugune, ni ma tausayinsa ya kama ni.

Ya mayar da ƙyauren wurinsa. Don ruwan gabas, sai ya kafa 'yar rumfa a saman ƙofa, abin da ya kamata ya yi tun farko. Ya sayo kakin zuma wurin Kambari a kasuwa, ya narka shi da man kaɗe, ya gwada a wani guntun madaci, ruwa ya gangare bai shiga ba. Duk da haka ransa na wurin gwangwaninsa. Ya kai wa Inna haɗin a kasko, ya ce wannan yana tsare katako amma ba ya daɗewa, sai an yi ta sabuntawa. Yanzu kuwa da ƙyaure ya fita tas, mai yiwuwa banish ya kama, ta huta da wahalar shafa har abada.

Inna ta karɓi kaskon. Ba ta dube shi ba, ƙyauren take kallo.

"Kushewatai tana ƙarƙashin ruwa, ba ni iya zuwa," ta ce. "In ka ruhe wanga ma, ina za ni aza hannuna?"

Maigida ya sunkuyar da kai. Ta lakato kakin da yatsu uku, ta fara daga sama, tana cusa shi cikin kowane kwarmin sara. Da hannunta ya gaji a tsakiya, sai ta ɗan matsa gefe ta tura masa kaskon da ƙafa. Ya naɗe hannun riga ya ci gaba daga inda ta tsaya.