Tiyon Baffa

Jiya ƙanena ya kira ni ta bidiyo daga ƙasar Turawa inda yake aiki. Na gan shi durƙushe a tsakar gida, yana hura iska cikin bututun da ke fesa wa ciyawarsa ruwa. Wai in sanyi ya shigo, ruwan ciki zai zama ƙanƙara ya fasa bututun. Ina cikin yi masa dariya sai Baffa ya faɗo mini a rai.

Baffa, yayan mahaifinmu, lambun albasa gare shi a Jiratawa. Kullum ya gama ban ruwa sai ya saɓa tiyo a kafaɗa, ya bi shi har ƙarshe, ruwa na tsiyaya, laka na bin rigarsa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tashi. Wata rana na taya shi aiki, ina sauri in sami motar Maradi, na yar da tiyon haka nan.

"Dawo," in ji shi. "Ba a barin ruwa ya kwana a tiyo."

"Baffa, me zai same shi?"

"Ɗauka dai."

Na ɗauka ina ƙunƙuni, mota ta tafi ta bar ni.

To, ruwa bai taɓa daskarewa a Jiratawa ba. Me yake gudu? Gansakuka? Na tambayi ƙanena, shi ma bai sani ba, wanda ya sani kuma yana ƙasa. Ga shi har yau ni ma ba na iya barin tiyon gidana da ruwa a ciki.

Allah ya ji ƙan Baffa, ya shayar da shi ruwan da ba ya yankewa.