Keke Mai Taya Ɗaya a Hanyar Mayo Bani

Keken ya iso Mubi a cikin kwali, 'yan watanni bayan mun dawo daga gudun hijira. Wani ɗan kasuwa da ke kawo wa yayana kayan gyara daga Legas shi ya ɗauko shi har ƙofar gidanmu a Yelwa. Ya ce tun kafin masu bindiga su shigo garin ya yi wa yayana alkawari, kuma bai ga dalilin fasawa ba.

Yayana, wanda muke ce wa Hamma kamar yadda ake kiran babban wa a wajenmu, mai gyaran keke ne tun tasowarsa. Yana saurayi yakan saki kan keke ya miƙe tsaye a kan sirdi, mutanen kasuwa su yi ta salati. Wata rana ya ga wani mutum a waya yana gangarowa daga dutse a kan keke mai taya ɗaya. Daga ranar bai bar ɗan kasuwar nan ya huta ba.

Sai abin da ya faru ya faru. Ranar da masu bindiga suka shigo gari, mun bi duwatsu da ƙafa kamar kowa. Hamma ne ya goya mahaifiyarmu. A wata gangara ƙafarsa ta zame tsakanin duwatsu biyu, ya ƙi sakin ta, cinyarsa ta karye. Wani mai ɗori a can hayin iyaka ya ɗora, ƙafar ta warke amma ta gajarce, gwiwar kuma ta sandare. Inna ta rasu a can kafin mu dawo. Da muka dawo bai buɗe rumfarsa ba. A lokacin an hana hawa babur, kowa ya koma neman tsohon kekensa, mutane suna zuwa har gida da taya a hannu, shi kuwa sai ya ce musu su gwada gaba.

Ranar da aka kawo kwalin, ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce mini, "Tela, ɗauko mini sifana."

Ni ɗinki nake yi, shi ya sa yake kirana haka. Na ɗauko masa akwatin kayan aikinsa da ya yi ƙura a ƙarƙashin gado. Ya haɗa keken a zaune, a hankali, yana shafa kowane ƙarfe kafin ya ɗaure. Tayar mai kauri ce kamar ta babur, duk jikinta ƙananan tuddai, tana warin sabuwar roba. Babu kai, babu sarƙa, babu birki. Sirdi ne kawai mai ɗan mariƙi a gaba, sai feda biyu masu ƙananan haƙora.

"Ina sauransa?" na tambaye shi.

"Shi ke nan. Kai za ka hau."

"Hamma, ni da furfura a gemu?"

"To wa zai hau? Ni?" Ya dubi ƙafarsa.

A lungun bayan gidanmu na fara, ina dafe da katanga. Abin da na fara ji shi ne tsayi. Mutum yana zaune can sama, gabansa fayau, hannuwansa ba su san inda za su ba. Na taka feda ɗaya, keken ya fice ta baya, na sami kaina tsaye a ƙasa ina kallon katanga. Na sake hawa, ya fice ta gaba. Haƙoran fedar suka tsaga mini ƙwauri, jini ya ɓata wandon da ni na ɗinka da hannuna.

Hamma yana kan benci da sandarsa a gefe. Ba ya dariya, ba ya tausayi. "Zauna a kan sirdin sosai. Kana tsaye a kan ƙafafunka ne, shi ya sa. Ɗaga kai. Me ka ajiye a ƙasa da kake nema?"

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu hutu a kansa. A keken da muka sani mutum yakan tsayar da ƙafa ya bar taya ta yi ta tafiya. Wannan kuwa in ƙafa ta tsaya, taya ta tsaya, kai kuma ka wuce gaba. Makonni na yi a haka, da safe kafin in buɗe shago da kuma bayan la'asar. Ranar da na fara sakin katanga na kai ƙarshen lungun, na waiwayo ina haki. Ya gyaɗa kai kawai.

"Ba don lungu aka yi shi ba," in ji shi. "Na dutse ne. Mu je gona."

Gonarmu tana kan hanyar Mayo Bani, a gindin duwatsu. Tun da muka dawo babu wanda ya leƙa ta. Ta gefenta muka bi ranar gudu, kuma babu wanda yake son ya sake ganin hanyar. Na ce masa a bari sai an ƙara samun natsuwa. Ya ce maƙwabtanmu na gona tuni sun fara sharar daji, mu kaɗai muka rage.

Muka ɗauki napep ranar wata Asabar da hantsi. A shingen sojoji aka sauke mu. Wani soja ya ɗaga keken yana jujjuya shi, ya tambaya ko rabinsa ya ƙone ne. Hamma ya ce a'a, haka aka ƙera shi. Sojan ya dube mu, ya dubi sandar Hamma, ya miƙo mini keken ya ce mu wuce.

Daga inda napep ya tsaya akwai 'yar tafiya. Hamma yana dogara sanda, ni ina tura keken ta mariƙi. Ciyawa ta cinye gonar, bukkar da muke fakewa ta rushe. A bakin hanya na ga takalmin roba guda ɗaya na mace, rana ta cinye launinsa. Shi ma ya gani.

Ya zauna a kan wani falalen dutse, ya rage wa tayar iska da ɗan tsinke, ya ce haka za ta fi kama ƙasa. Na dafa bishiyar tsamiya na hau.

A nan na gane keken. A lungu tayar nan nauyi take yi mini, a nan kuwa sai ta zama mai taushi, tana lanƙwashewa a kan tsakuwa tana haɗiye su. Duk dutsen da na taka ina jinsa daga tafin ƙafa har gadon baya. Hannuwana suna ta iyo a iska. Hanyar ta ɗan gangara zuwa wani busasshen rafi, sai na ji keken yana neman ya gudu da ni, dole na riƙa danne fedar ta baya da ƙarfin cinya. Ban iya tunanin komai ba sai dutsen da ke gabana da wanda ke biye da shi. Tun dawowarmu ban taɓa samun lokacin da kaina ya zama babu kowa a ciki ba sai a wannan gangara. Da na kai yashin rafin tayar ta nutse, na faɗi a kan hannuwana.

Na dawo ina tura shi, bakina cike da yashi. Hamma ya ce, "Faɗa mini."

"Me zan faɗa?"

"Yadda yake. Kada ka rage komai."

Na zauna kusa da shi na faɗa masa, tun daga taushin tayar har zafin cinya. Yana sauraro ido a rufe. Da na gama ya miƙa mini sandarsa.

"Riƙe ni in zauna a kai."

Na so in hana shi, amma na ga fuskarsa. Na kafa tayar a jikin dutse, ya rungumi wuyana, na ɗaga shi. Ƙafarsa mai lafiya ta sami feda, ɗayar tana reto a gefe. Ya miƙe bayansa, ya ɗaga kai ya dubi duwatsun da muka bi. Hannunsa ɗaya ya saki wuyana a hankali.

"Ya isa," ya ce. "Sauke ni."

Muka kama hanyar komawa har muka shigo gari. Sannan ya ce sirdin ya yi mini ƙasa, zai ɗaga shi, kuma in nemo masu shara a gyara gonar kafin ruwa ya sauka. Daminar nan mun shuka masara da gyaɗa. Bai sake neman hawa ba har ya bar duniya, amma ya buɗe rumfarsa bayan sallah, yana gyara a zaune. Ni kuma duk Asabar nakan je gona da keken, in na dawo in biya ta rumfar in ba shi labarin inda na faɗi.